Tallar da Yaya Ya Goge

Ko shago ban ƙarasa ba wata mata ta kira ni, ta ce ta nemi tallarmu za ta nuna wa ƙawarta amma ba ta gan ta ba. Na ce mata matsalar sabis ce, ta ƙara dubawa anjima. Ina kashe wayar na tsaya a bakin titi na buɗe shafin da nake sarrafa tallar. Wayam. A gurbinta an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa an goge.

Mu masu gyaran kujeru ne. Baba ya buɗe shagon tun ba a haife ni ba. Yayana ne ke yankan soso da ɗinki da buga ƙusa, ni kuma waya ce aikina: talla, amsa saƙonni, da shan ƙorafin mutanen da ke son kujerar kakarsu ta koma sabuwa kafin gobe. Tallar bidiyo ce guda ɗaya. Na ɗauki Baba zaune a kan wata kujera da ya gama, yana koya wa mutane yadda ake gane soso mai kyau, yana zolayar masu sayen na banza. Bayan 'yan watanni ɓarin jikinsa ya shanye, maganar ta ɗauke gaba ɗaya. Wayar da na yi ɗaukar da ita kuma an zare min ita a motar haya tun bara. Muryar Baba wuri ɗaya ta rage a duniya, cikin tallar nan.

Na shiga shago kamar an jefo ni. Warin gam ya cika ko'ina, ɓurɓushin soso a ƙasa, wata doguwar kujera an kifa ta ƙafafu sama. Yaya na durƙushe a gindinta da ƙusoshi a baki. Tsohuwar wayar shago tana kan kanta inda take kwana take tashi, fuskarta a tsage, a jone da caji. A tsakiyar fuskar ga shatin babban yatsa, na gam, ya bushe.

Na ce, "Yaya, wa ya taɓa wayar nan?"

Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne dogo, ya saba kallon mutane daga sama, amma ranar ƙasa yake kallo.

"Yatsana ne ya manne, Auta. Ina janyewa sai wani abu ya fito."

"Wayar tana tambaya ai. Kafin ta goge sai ta ce ka tabbata."

"Ni duk abin da ya fito min eh nake dannawa, ya ba ni wuri."

Wallahi da ƙarya ya yi min da ta fi min sauƙi. Na san halinsa. Da guiwar yatsa yake amsa kira, da haɓa yake kashewa, kuma bai taɓa karanta abin da waya ta rubuta masa ba tun da aka ƙirƙiri waya. Shi ya sa na ce masa tun farko iyakarsa amsa kira. Wurin talla ba a kan hanya yake ba, sai ka shiga nan ka shiga can kafin ka kai.

"To me ya kai ka ciki?"

Ya juya ga kujerar da yake gyarawa.

"Da kai nake, Yaya. Ba ka san kan talla ba, ba ka san gindinta ba. Kullum kana ce min wasan yara nake da waya. Me ka shiga nema?"

Ya ce, "A sake yin wata mana."

Nan na fita hayyacina. Na ce da wace murya? Na ce ya je gida ya ɗaga Baba ya zaunar da shi ya ce masa ya yi magana, in ya iya. Na ce mutumin da bai iya wanke hannunsa kafin ya taɓa kayan mutane ba, bai kamata a bar masa ko makullin banɗaki ba. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Mai walda na maƙwabta ya leƙo ya koma. Yaya ya tashi ya kunna keken ɗinki ya hau taka shi ba ko yadi a ƙarƙashin allurar. A gabansa na canza lambar sirri, na fitar da shafin daga wayar shago.

Na shige ɗakin ajiya na zauna a kan tulin soso na fara neman kamfanin da ke da dandalin da muke tallar a kai. Na'ura ce ta fara amsa min. Ta tambaye ni matsalata, na rubuta, ta ba ni shawarar yadda ake ƙirƙirar sabuwar talla. Na sake rubutawa, ta ce ta yi murna da ta taimaka. Na zage ta, ta gode min. Sai da rana ta take sannan aka haɗa ni da mutum, wata mai ladabin da ke ƙara wa mutum hawan jini.

Ta rubuto, "Mun fahimci damuwarki."

Na ce ba ku fahimta ba. Na yi mata bayanin Baba tun daga farko. Ta ce tallar da aka goge ba ta dawowa, amma alƙaluman suna nan, zan iya ganin yawan mutanen da suka kalla. Bidiyon fa? Ta ce tun da a cikin tallar aka ɗora shi kai tsaye, ba a ma'ajiyar shafi ba, ya tafi tare da ita. Sannan ta ce in ina da ainihin bidiyon sai in sake ɗorawa, abu ne mai sauƙi, har za ta iya turo min matakan. Na kifa wayar a kan soso na yi kuka, kukan haushi.

A gida Mama ta tare ni a ƙofar ɗaki da kwanon wankin hannun Baba. Labari ya riga ni isowa.

"Yayanki ne fa, Auta. An ce har mai walda ya ji ki."

"Da ma unguwa duka ta ji."

"Ki rage murya, babanku na ji. Bakinsa ne ya tafi, ba kunnensa ba."

Na leƙa. Yana kishingiɗe, ya juyo da ido ya kalle ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Na gaishe shi na fito da sauri, don ba zan iya tsayawa ba.

Washegari na daina jiran kamfani. Mutane da yawa sun kalli tallar nan, na ce ba zai yiwu a rasa wanda ya ajiye ba. Na bi duk wanda ya taɓa turo mana saƙo, ɗaya bayan ɗaya, na rubuta masa: bidiyon dattijon nan mai bayanin soso, in ka taɓa ajiye shi ko an turo maka, don Allah ka taimaka. Kada ka so ka ga amsoshi. Wasu suka yi min ta'aziyya, na yi ta bayanin cewa yana raye. Wani ya ce bai ajiye ba amma hannun kujerarsa ya fara rawa, yaushe za mu zo. Wani ya turo min bidiyon wani tsoho dabam yana tallar katifa. Wata ta ce ai komai na intanet ba ya ɓata, in kwantar da hankalina. Na ce mata to ta nemo min.

Kwanakin nan ko kallon Yaya ba na yi. In mai kujera ya kira, sai in rubuta girman da launin yadin a guntun kwali in ajiye masa a kan keke. Shi ma bai neme ni ba. Na lura dai ya daina zuwa kusa da kanta, ko wayar shago ta yi ta ƙara sai dai ta gaji ta yi shiru. Hakan ma haushi ya ba ni.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar jinya ta amsa. Ta ce ta taɓa naɗar fuskar wayarta tana kallon tallar, don ta tura wa mijinta da ke aiki a wani gari ya yarda a gyara kujerun falo. Ta ce ba shi da kyau sosai, in yi haƙuri.

Ba shi da kyau, gaskiyarta. Hoton dishi-dishi, gargaɗin ƙarewar caji ya rufe fuskar Baba a tsakiya, kuma ana cikin bayani sai ka ji muryarta tana cewa, "Ka gani ko? Irin wannan nake nufi, ba wanda ƙaninka ya kawo ba." Amma muryar tana nan. Baba na cewa soson kirki in ka danna shi zai biyo hannunka, na banza kuwa sai ya yi fushi ya zauna a ƙasa. Har dariyarsa ta fito. Ƙarshen ne kawai ta yanke, kuma ban damu ba, don dama ba talla ba ce a wurin, Baba ne ya juya yana yi wa wani faɗa a kan ƙarar keke. Tun can na so in cire shi ban iya ba.

Na ajiye bidiyon a wuri uku, na tura wa Mama, sannan na fito daga ɗakin ajiya. Ban huce ba. So nake Yaya ya ga abin da ya jawo da wahalar da na sha. Na jingina wayata da gwangwanin gam a kan teburin yanka, na ce, "Ga shi. Kallo kawai, kada ka taɓa."

Ya ajiye almakashi. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa yatsa-yatsa, duk da ba taɓawa zai yi ba, ya maida hannuwan baya. Ya sunkuyo. Muryar Baba ta cika shagon. Yaya bai yi dariya a wurin dariya ba, bai ko motsa ba da matar ta yi magana. Jira yake. Bidiyon ya tsaya, shi kuma bai ɗago ba.

Ya ce, "Ina sauran?"

"Wane saura? Bayanin ya ƙare ai."

"Inda ya juyo."

"Faɗan keke? Ita ba ta naɗi wurin ba. Me za a yi da shi?"

Ya daɗe yana kallon fuskar wayar da ta yi baƙi.

"Cewa yake, 'Kai Dogo, kashe min keken nan, ba ka ga ana ɗaukar magana ba?' Ni nake ɗinki ranar." Ya gyara murya. "Kullum in na buɗe shago kafin ki zo, nan nake kaiwa in ji. Ba wanda ke kira na haka sai shi."

Haushin da na yi kwanaki ina tarawa ya rasa inda zai sauka, sai kunya ta rufe ni, da wani baƙin ciki da ya fi na ranar farko.

"Me ya hana ka faɗa min, Yaya?"

Ya ɗauki almakashinsa. "Kin yi ƙoƙari, Auta. Ki kai wa Mama ta ji."

Na koma kan tulin soso na buɗe saƙonnin mutane tun daga na farko, na fara sabon rubutu: wanda yake da ƙarshen bidiyon, ko da ƙarshen kaɗai ne.