Lamba Ɗaya a Unguwanni Uku

Daren jiya mafarki ya jefa ni wani gari da ke can cikin kwamfuta. Da yake rubuta manhaja ne sana'ata, ban yi mamaki ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na bar dutsen guga a kan babbar rigar angoncin ƙanena Sallau, kuma dole in rubuta wa matata Hansatu ta ɗauke.

A garin ba ka yi wa kanka komai. Ko tari za ka yi, sai ka je taga ka kira lambarsa a yi maka. Kowace unguwa da irin injinta.

A tagar farko wata zabuwa ce da tabarau. Na san a nan ɗaya ce lambar rubutu, sai na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "Daidai ne, malam, amma tawada ta tafi gaisuwar mutuwa. Gwada unguwar tsofaffin injuna."

Na tsallaka kwata, na tarar da wani bunsuru yana cin hatiminsa. Na ce, "Ɗaya."

Nan take kwaɗi biyu suka sungume ni suka yi bayan gari da ni. A hanya babban ya ce, "A wajenmu ɗaya fita ce. Rubutu huɗu ne."

"Wa ya tsara haka?"

"Kakanmu. A ranar kuwa mura yake yi."

Suka ajiye ni a unguwar wayoyin hannu, inda gidaje ke shiga aljihu. Wani raƙumi ya leƙo ta taga. Na ce, "Huɗu, ranka ya daɗe."

"Baƙo ne kai. Nan sittin da huɗu ake cewa."

Na faɗa, na ce saƙon na matata Hansatu ne. Ya ciro gashin ido ɗaya ya dangwala a shayi. "Ita Hansatun lamba nawa ce?"

Na ji ƙaurin shaddar rigar Sallau. Na ce, "Ɗaya ce. Wallahi ita kaɗai ce."

"To, ɗaya allon gari ne, wanda kowa ke karantawa."

Ya miƙa wuya ya rubuta a sararin sama: Hansatu, ɗauke dutsen guga. Matan garin duka suka amsa, "To," kowacce ta fito da dutse a ka. Ban ga tawa a cikinsu ba. Sallau ya zo wucewa cikin rigar, da taga a baya inda dutsen ya ƙona, mutane sun yi layi suna kiran lamba ta ciki.

Ina shirin shiga layin, injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.