Askin Ƙarshe na Jatau Wanzami

Ni ce Saude, yayar Jatau wanzamin Nahuce, wanda aka sare wa kai a kasuwar Gusau shekara goma bayan Nasara sun ci Sakkwato. Kada wani ya ce na zo wanke ƙanena. Ya yi kisa, a bainar jama'a ma. Amma tunda kun tambaya, ku zauna ku ji har ƙarshe.

Zabirar ubanmu ya gada, da askake da ƙaho. Hannun Jatau kuwa, yana aske ka kana gyangyaɗi. Duk ranar kasuwar Bungudu sai ka ga maza jere a gindin tsamiyarsa suna jira.

Sai wani mai sayar da shanu, Ɗahiru, ya kira shi ya cire wa ɗansa beli ranar suna. Jinjirin da zazzaɓi a jikinsa. Jatau ya ce a bari ya warware, Ɗahiru ya ce yau ɗin nan za a yi. Kwana uku yaro ya koma. Shekara guda cur Ɗahiru yana bin kasuwanni yana kiran ƙanena mahaucin jarirai. Mata suka riƙa ɓoye 'ya'yansu in ya gifta, matarsa ta tattara ta tafi, gindin tsamiya ya zama daga shi sai ƙudaje.

Wata ranar kasuwa Ɗahiru ya zo ya zauna a tabarmarsa, ya tuɓe hula, ya ɗaga murya: "Aske ni, mahauci, mu ga ko kana iya manya." Mutane suka yi ta dariya. Jatau ya jiƙa kan, ya aske, ya ɗaga haɓarsa zai gyara gemu, bakin Ɗahiru bai mutu ba. Sau ɗaya ya ja askar. Ko gudu bai yi ba, a nan dogarai suka same shi zaune.

Alƙalin Gusau ya yanke ƙisasi. Ya ce mutum ɗaya ne zai iya hana takobi sauka: Yahuza, wan mamacin, da ke zaune a Tsafe. In ya ce ya yafe, Jatau ya tsira da ransa.

Sau uku na taka daga Nahuce zuwa Tsafe, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, ƙafafuna duk faso. Na farko ya sa aka kore ni. Na biyu ya bar ni durƙushe a rana har la'asar. Na uku ya fito yana sakace, ya ce, "Tashi, Saude. Ƙanena ya zauna gabansa bai tashi ba. Ni ma ya aske ni gaban jama'a. In na tashi ko ƙwarzane babu, na yafe." Wayyo ni, har ƙafarsa na kama ina sa masa albarka! Ni da bakina na kai wa Jatau wannan albishir a gidan yari.

Ranar da aka sa, da hantsi, kasuwar Gusau ta cika maƙil. Hauni, mai sare kai, yana tsaye da takobinsa. Yahuza ya roƙi alƙali a bar Jatau ya aske shi, alƙali ya ce in dai hanyar yafiya ce, a yi. Aka kwance wa Jatau hannu, aka bar mari a ƙafarsa, na miƙa masa zabira.

Yahuza ya zauna, ya tuɓe hula. Jatau ya wasa askar a fata. Wallahi ban taɓa ganin aski irin wannan ba. Kasuwa ta yi tsit, ƙarar askar kawai kake ji. Ya gama kai, ya ɗaga haɓar Yahuza, ya ɗora aska daidai maƙogwaro. Sai ya ɗago ya dube ni. Na girgiza masa kai. Ya sunkuya ya ƙarasa gemun tsaf.

Yahuza ya shafa kansa, ya shafa wuyansa, ya dubi tafin hannunsa. Ba ɗigon jini. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya riƙe hularsa a hannu.

Alƙali ya ce, "To, Yahuza, mi kac ce?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, hannun nan lafiya lau yake. Ashe da gangan ya yanka ƙanena. Ban yafe ba."

Na yi ihu na ce ya yi mini alkawari. Aka ce ina shaidata? Ba ni da kowa. Jatau ya goge askar a cinyarsa, ya mayar zabira, ya miƙo mini, ya durƙusa. Sara biyu hauni ya yi, don na farko bai raba ba. Yahuza na tsaye a gaba, kansa sai ƙyalli yake a rana.

Yahuza ya tsufa a Tsafe, ya mutu a kan shimfiɗarsa, jikoki kewaye da shi. Ni kuwa malamai sun sha gaya mini lada na samu da na hana ƙanena ɗaukar rai na biyu. Su riƙe ladansu. Allah ya gafarta mini, har yau da-na-sanin girgiza kan nan nake yi.