Sunan Marzuƙ a Kan Dutse

Burushin ya suɓuce wa Shahata ya faɗa bokitin farar ƙasa, ya fantsama wa Girgis a wando.

"Kai, Hajj! Haka ka riƙe bindiga a bakin ruwa? Ashe Allah ne kawai ya tsare mu."

Shahata, shi da ba ya barin ta kwana, sai kawai ya zauna a gefen kabarin da suke gyarawa yana haki. Nan Girgis ya gane ba lafiya ba.

Tsofaffin sojoji ne, ƙofofinsu na kallon juna a birnin Isma'iliyya tun bayan yaƙi. Duk Alhamis, su da sauran 'yan uwansu da suka rage, sukan zo ɓangaren sojoji na maƙabarta su cire ciyawa, su toshe tsaga, su sabunta sunaye. Ba wanda ya sa su. Rubutu aikin Shahata ne. Girgis kuwa, Kirista ɗaya tilo a cikinsu, nasa shafe da surutu.

Kabarin da suke kai na Marzuƙ ne, wani yaron ƙauye daga kudu da ya cika a cinyar Shahata a fagen yaƙi. Ba dangin da ya taɓa zuwa masa. Masu ziyara sukan yi wa duk sunan da suka iya karantawa Fatiha, dutsen da ya goge kuwa sai su wuce abinsu. Sunan Marzuƙ, gishirin iska ya kusa cinye shi.

Da aka kwantar da Shahata a gida, matarsa Nawal ta kawo shayi ya huce ba a taɓa ba. Shahata ya yafito Girgis da yatsa.

"Na bar maka Marzuƙ."

"Ni? Cikin 'yan uwanmu ga Abdun, ga Fatuh."

"Abdun ba ya gani. Fatuh ko kofi ba ya kai wa baki lafiya."

"Ka san dai ba na karanta Fatiha."

"Wa ya ce ka karanta, tsohon banza? Rubuta sunan kawai. Masu karantawa suna hanya."

"Rubutuna kamar kaza ta yi tono."

"Marzuƙ ma bai iya karatu ba. Ba zai kai ƙararka ba."

Girgis ya yi dariya, dariyar ta ƙare a hawaye, bai kuma ɓoye ba.

Ranar Litinin bayan azahar Shahata ya cika. Girgis ya tsaya a ƙofar masallaci har aka idar da salla, sannan ya sa kafaɗa a makara, gwiwa na ciwo, ya ƙi sakar wa kowa.

Alhamis ta zo. Ya durƙusa gaban dutsen da gwangwanin baƙin fentin Shahata, gumi na zuba. Harafin farko ya karkace, na ƙarshe ya zame ƙasa kamar zai gudu. Ya ja baya ya duba, ransa ya ɓaci. Wa zai iya karanta wannan ɓarna?

"Ka cuce ni, Hajj," ya ce a hankali.

Can sai ga wata mata da ganyen dabino da kwandon gurasar sadaka, za ta wurin nata mamacin. Ta wuce, ta dawo, ta ƙanƙance ido.

"Mar... Marzuƙ. Baba, ɗanka ne?"

"Na maƙwabcina ne."

"Wanda ya yi rubutun nan kam ya sha wuya."

"Ƙwarai kuwa, 'yata."

Ta ajiye kwandon, ta ɗaga tafukanta, leɓɓanta na motsi. Girgis ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har ta shafa. Ta zare ganyen dabino ɗaya ta ɗora a kan kabarin, ta miƙa masa gurasa, ta tafi.

Ya zauna inda Shahata ya saba zama, gurasar na kan cinyarsa, yana korar ƙudaje da hula kada su sauka kan fentin kafin ya bushe.