Zafin Saman Kankare

Magini yana zaune kusa da 'yarsa injiniya, tana shigar da lissafin rufin kankare a kwamfuta. Ya ji ta ce, "Zafin sama digiri arba'in, na ƙasa ma arba'in."

Sai ya ce mata, "Uwata, saman yana ƙona tafin ƙafa, ƙasan kuwa da sanyinsa. Abin da ke tsaga shi ke nan."

"Baba, bari in tambayi oga."

Ta buga waya. Ogan ya faɗi abin da uban ya faɗa, ta gyara tana murna.

"Kai, oga gwani ne! Kamar uba yake gare ni."

Magini, wanda shi ne ke kai ta aiki kullum, ya miƙe ya ce, "To, gobe uban naki ya zo ya kai ki aiki."