Litinin da Alhamis na Baba Mai Walda

"Rubuta, 'yata. Rubuta cewa na zo."

Baba Mai Walda ya tura katinsa ta tagar akawun asibiti, yatsunsa sun kumbura suntum. Mai Ɗinki, maƙwabciyarsa da ta turo shi a keken marasa lafiya, tana bayansa tana haki.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji akawun, idonta a ƙasa. "An rufe sashen wankin ƙoda. Manaja ya hana mu rubuta kowa."

"To rubuta cewa ya hana."

Wata uku ke nan da kamfanin da ya sayi asibitin unguwar ya garƙame sashen, wai marasa lafiya sun daina zuwa. Ƙarya tsagwaronta! Mutum goma sha ɗaya aka kora zuwa wani asibiti mai tafiyar awa huɗu, inda Baba kan yi kwana goma bai samu inji ba, alhali likita ya ce a yi masa wankin sau biyu a mako. Ƙarshen wata hukumar lafiya za ta zauna da kamfanin, kuma rajistar zuwan marasa lafiya za a duba. Shi ya sa kowace Litinin da Alhamis, ranakunsa na da, ƙarfe takwas take yi masa a bakin tagar nan.

A hanyar gida Mai Ɗinki ta kasa haɗiye maganar.

"Baba, wannan zirga-zirgar za ta ƙarasa ka. Ka kwanta ka huta mana."

"In na kwanta sun yi gaskiya ke nan, na daina zuwa. Ƙyauren sashen nan ni na yi masa walda da hannuna. Bai isa ya ce bai san ni ba."

"Kai dai taurin kanka ya fi ƙarfen da kake narkawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ba ta yi ba, don tsoro take ji.

Ran Laraba takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa. Ran Alhamis da safe ya sa 'yarsa ta saka masa riga mai tsabta, ya ce a kira Mai Ɗinki, kada a makara. Ba su kai bakin titi ba kansa ya langaɓe a kafaɗa. Mai Ɗinki ta kira shi sau uku, ashe ya cika.

Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da kukan ya ƙare, abin da ya rage mata fushi ne. Ta rufe shagonta, ta bi unguwar gida gida.

Ran Litinin, ƙarfe takwas, barandar asibitin ba wurin sa ƙafa. Sauran marasa lafiya goma sun zo, wasu a keke, ɗaya an goyo shi. Mahauci ya zo, direban bas ya zo, malamar makaranta ta bar ajinta.

Manaja ya fito yana huci. "Nan asibiti ne, ba kasuwa ba!"

"Ashe ka sani," in ji Mai Ɗinki. "To ga marasa lafiyar da kuka ce sun daina zuwa. Ko a rubuta su, ko mu wuni a nan, Alhamis ma mu dawo."

Akawun ta dubi manaja, ta dubi mutanen. Sai ta jawo rajistar daga aljihun tebur.

"Kada ki kuskura," in ji manaja.

"Wa zan fara sawa, Yaya?" ta tambayi Mai Ɗinki.

"Fara da Baba. Sa cewa ya zo sau ashirin da uku. Na ashirin da huɗu ya rasu a hanya."

Akawun ta cika layin har ƙarshe, ta ɗago kai, mai keken farko ya matso gaban taga.