Tayi a Kan Dutsen Tocal

Ewaz ya tsaya a gadar katako ta biyu yana jiran tsofaffin su iso, jakarsa a baya, ta Injiniya Bahmani a ƙirji. Ƙasa da shi ruwan Darband na gudu tsakanin duwatsu, masu shayi suna ta shimfiɗa dardumai a kan gadajensu. Ya taɓa aljihun rigarsa. Takardar tana nan, a ninke huɗu.

"Ɗan akuya, ka ji tausayinmu mana!" Kanar Farhudi ya ƙwala daga ƙasa, yana haki. "Mu ba a duwatsun Bamiyan aka haife mu kamar kai ba."

"Ai ciki ne ya yi maka nauyi, Kanar, ba dutse ba," in ji Injiniya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan suna hawan wannan dutse na gefen Tehran kowace Juma'a. Sauran kwana shida Ewaz mai gadi ne a benen da Injiniya yake zaune, yana wanke matakala, yana fitar da shara, yana kwana da iyalinsa a ɗakin da ke kusa da garejin motoci. Ranar Juma'a kuwa, a kan dutse, sai ya zama Ewaz jan, wato Ewaz abin ƙauna. A nan ba a tambayar kowa takarda. Duk wanda kuka haɗu da shi a hanya sai ya ce muku sannu da ƙoƙari, ko da a gari shi ne zai kira ka ɗan Afghanistan da irin muryar nan da ake kiran kare.

Takardar ta ce ya bar Iran cikin kwana goma sha biyar, shi da iyalinsa. Shida sun wuce. Shi dai bai damu da kansa ba, ya taɓa yin noma, zai sake yi. 'Yarsa Shukufa ce ke hana shi barci. A Tehran aka haife ta, shekararta goma sha bakwai, saura wata biyar ta gama sakandare, kuma can Afghanistan inda za su babu makarantar da ke buɗe wa mace mai shekarunta ƙofa. Da asuba, yana ɗaure takalmi, ya ce mata yau zai yi magana da Injiniya, tunda kullum yana cewa ita 'yarsa ce.

"Baba, tayi ne fa," ta ce, ba ta ko ɗago kai daga littafi ba. "Maganar fatar baki ce. Kai ma ka sani."

Ya sani, mana. Shekara ashirin da huɗu a Tehran ai sun isa mutum ya san tayi. Mai tasi zai ce ka bar kuɗinka, mai shago zai ce kayan naka ne, maƙwabci zai ce ka shigo ka kwana. Kai kuma ka ƙi, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. In an sake a karo na huɗu, to da gaske ake. Amma duk da haka Shukufa ta ɗaure littattafanta a kwali tun jiya, ya gan shi a bayan ƙofa, wannan kuwa ya fi komai ci masa rai.

Wajen ƙarfe tara suka kai matsayarsu ta Shirpala. Ewaz ya shimfiɗa leda a kan dutse, ya fito da gurasa da cuku da dabino, ya zuba shayi. Birnin na can ƙasa, hayaƙi ya rufe shi kamar murfin tukunya. Injiniya ya saka ƙwayar sukari a baki, ya kurɓi shayi, ya lumshe ido.

"Yaya 'yata? Tana karatu kuwa?"

Ewaz ya ciro takardar ya miƙa masa da hannu biyu.

Injiniya ya saka tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta yi ja. Mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Shi ya kai matar Ewaz asibiti a motarsa lokacin da ta faɗi a matakala, matarsa kuma ita ke ba Shukufa aron littattafan 'yarsu da ke Kanada.

"Wannan zalunci ne!" ya ce. "Yarinyar da ta fi jikokina iya Farisanci? Ba inda za ta. Ta zauna a wurinmu, ɗakuna biyu ne a rufe babu kowa. Gidana gidanta ne, Ewaz jan, a kan idona."

A nan ne ya kamata Ewaz ya dafa ƙirji ya ce Allah ya ƙara girma, ba za mu ɗora muku nauyi ba. Kalmomin suna bakinsa, ya faɗe su fiye da sau dubu. Ya haɗiye su.

"Na gode, Aga Injiniya. Na karɓa. Yaushe zan hawo da kayanta?"

Kanar ya sunkuyar da kai cikin kofinsa kamar ya ga ƙuda a ciki. Wasu samari suka wuce da sandunansu, suka ce sannu da ƙoƙari, ba wanda ya amsa musu.

"To," in ji Injiniya. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "To, ai dole a duba. Ka san sai na yi magana da uwargida, ga hawan jininta. Kuma ɗana Kamran zai zo da yara da bazara."

"Wata biyar ne kawai. A ƙasa ma za ta iya kwana. Tana girki, tana guga."

"Ba wannan ba ne, Ewaz jan. Idan an soke takardar zamanku, ita ma tata ta tafi. Makarantar ma za su karɓe ta? Kuma an ce wanda aka samu ya ajiye mara takarda... Kanar, ba haka aka ce ba?"

"Ni na yi ritaya," in ji Kanar. "Ban san komai ba."

Ewaz ya dubi Injiniya, ya ga gumi a goshinsa duk da sanyin nan. Kunya ta kama shi, kamar shi ne ya tuɓe wa dattijon riga a bainar jama'a. Abin haushi, har tausayinsa ya ji.

"Ka manta kawai," ya ce. "Uwarta ma ba za ta yarda ta rabu da ita ba. Na faɗa ne dai."

"Ai na san ba za ta yarda ba," in ji Injiniya da sauri, numfashinsa ya dawo. "Uwa ce. Wa zai raba uwa da 'yarta?"

Yau ba su ƙarasa sama ba, Injiniya ya ce gwiwarsa. Suka gangaro, Ewaz a gaba da jaka biyu. Kanar ya fara labarin wani alfadari da ya taɓa harbinsa a wannan hanyar, ya kai rabi ya bari.

A dandalin Darband, wajen tasi, Injiniya ya cire rigar sanyinsa, mai kauri, ja, wadda ɗansa ya aiko masa daga Kanada.

"Riƙe wannan. Bamiyan akwai sanyi."

"Haba, Aga Injiniya, ta fi dacewa da kai."

"Karɓi mana."

"Wallahi ina da tawa."

"Ewaz jan, kada ka ɓata mini rai."

"Allah ya ƙara girma, ba zan iya ba."

Injiniya ya kama kafaɗunsa ya ɗora masa ita da ƙarfi, idanunsa sun cika da hawaye. "Na rantse da ran 'ya'yana sai ka karɓa."

Ana kiran la'asar ya isa gida. Shukufa ce ta buɗe ƙofa, kamar dama tana tsaye a bayanta. Ta dubi fuskarsa, sannan ta dubi rigar.

"Sau nawa ya yi maka tayinta?"

"Huɗu."

"To wannan da gaske ne," ta ce.

Ta durƙusa ta kwance igiyar kwalin, ta fara fito da littattafan, tana ware na aro gefe guda.