Muryar Aro a Faifan Clive

Yayana Clive Hepworth shi ne mawaƙin Karnukan Tasha, ƙungiyar kiɗan rok da ta tashi a nan Barnsley, a arewacin Ingila, lokacin da ake rufe ramukan haƙar kwal. A zamaninsu sun cika manyan zauruka har London, kuma muryar Clive ce ta kai su can, murya ce da in ta haura sama sai tsikar jikinka ta tashi. Daga baya kasuwarsu ta ja baya, gashi ya zube, tumbi ya fito. Sigari da shekaru suka cinye rabin muryar.

Clive yana da shekara sittin da ɗoriya lokacin da Malcolm Sugden, mai kaɗa musu jita, ya matsa lamba sai sun yi sabon faifai. Suka ƙare hunturu suna kai da kawowa wani situdiyo a Leeds. Da faifan ya fito, mu kanmu mun sha mamaki. Jaridun da suka daɗe da binne su suka dawo suna zuba yabo. Wani marubuci ya ce muryar Clive ta fi ta ƙuruciyarsa ƙarfi. Mahaucin layinmu ya yanko shafin ya manna a tagar shagonsa. Ni kuwa duk wanda na haɗu da shi a kanti sai na tambaye shi ko ya saya.

A kicin ɗin Glenda, matar Clive, muka zauna ni da ita muka saurari faifan muna shan shayi. Da aka zo waƙa ta uku, inda muryar ta haura ƙololuwa, sai ta ajiye kofinta.

"Hilary, wannan ba mijina ba ne."

"Haba Glenda, ai na'urorin yanzu suna gyara murya."

"Gyara daban, wannan daban. Tun muna yara nake jin mutumin nan yana waƙa a banɗaki. Ko minsharinsa na san inda yake tsayawa."

Clive ya shigo daga lambu, hannunsa duk ƙasa. Glenda ta mayar da waƙar baya, ta sake kunna wurin, ta zuba masa ido. Ya yi ta kame-kame, ya wanke hannu, ya goge, ya sake wankewa. Can ya ce, "Neville ne."

Babu wanda bai san Neville Tordoff ba a Barnsley. Direban bas ne, amma ran Asabar yakan sa gashin kanti da rigar fata ya zagaya mashaya yana kwaikwayon Clive. Clive ya sha yi masa ba'a, yana kiransa aku. Ashe Malcolm da furodusa sun ɗauko shi a ɓoye ya rera duk inda Clive ya kasa kaiwa, aka ɗinke muryoyin biyu. Clive ya gane tun farkon ji, ya yi gum.

Na ce, "To Yaya, me ya hana ka magana?"

"Kin karanta abin da suka rubuta a kaina? Rabon da wani ya yabe ni tun Mama tana da rai."

Na tashi na kwashe kofunan shayin.

Da bazara ta shigo aka gayyace su wasa a bikin gari, a babban filin shaƙatawa, da rana tsaka. Malcolm ya shirya dabara: wuraren da suka yi tsayi za a saki muryar faifan ta lasifika, Clive ya riƙa motsa baki. Glenda ta ce ko ɗaure ta za a yi ba za ta je ba.

"In za ka tsiraita kanka, ka yi ba a gabana ba."

Ni na je. Ana ɗan yayyafi, filin ya cika da mutanen da muka yi makaranta tare, da jikokinsu, ko'ina ƙamshin kifi da soyayyen dankali. Waƙoƙin farko sun tafi lafiya. Suna tsakiyar wata daga cikin sababbin sai tari ya sarƙe Clive. Ya duƙa, hannu ɗaya a gwiwa, makirufo na reto a ɗayan, fuskarsa ta yi ja. Muryar kuwa ta ci gaba da fita daga lasifika, tar da ita, tana hawa sama, shi yana tofar da majina. Kafin mai kula da sauti ya farga ya kashe, mutane sun riga sun ɗaga wayoyi sama suna ɗaukar bidiyo.

Da sun yi masa ihu da ya fi sauƙi. Wata tsohuwa a gefena ta ce a hankali, "Wayyo, bawan Allah." Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Clive ya ajiye makirufo a ƙasa ya sauka ta baya. Malcolm ya ɗan ci gaba da kaɗawa shi kaɗai, sannan ya bari.

Na same shi bayan dandamali zaune a kan akwatin kayan kiɗa. Ina isowa sai ga Neville, da rigar aikinsa a jiki, yana murza hula a hannu.

Malcolm ya taso masa. "Kai kuma me ya kawo ka? Kallon aikinka ka zo?"

"Tikiti na saya kamar kowa."

"Ƙyale shi, Malcolm," in ji Clive, murya a dishe. "Shi kaɗai ya yi waƙa yau."

Neville ya matso. "Maigida, ka yi haƙuri. Ni da aka kira ni, ji na yi kamar an ba ni sarauta. Duk abin da na iya a bakinka na koya."

"Na sani," in ji Clive, bai ɗago ba. "Da ma zagina ka yi."

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya karaɗe ko'ina. Marubutan da suka yabe shi su suka fi kowa zafi, don su ma an ba su kunya. Mahauci ya cire takardar daga taga, in na je sai ya ƙara mini nama a kan awo yana kallon gefe. Clive da kansa ya buga wa jarida waya ya faɗi sunan Neville, ya ce laifin nasa ne shi Clive, ba na Neville ba. Ƙungiyar ta watse, kuma har yau Clive ba ya magana da Malcolm. Neville ya samu gayyata daga Manchester ya ƙi zuwa, ya ma daina wasan Asabar ɗin.

Sai da ganye ya fara zuba sannan Clive ya soma leƙa waje. Wata safiya ya kira ni gareji, ya nuna mini kwalaye cike da faifan.

"Ki kai su shagon sadaka. Amma don Allah ba na garin nan ba."

Na tuƙa har Wakefield, wani shago da ke sayar da kayan da aka ba su kyauta don taimakon mabuƙata. Matar da ke karɓar kaya ta buɗe kwali ɗaya, ta ɗauki faifai ta duba hoton, ta yi 'yar dariya.

"Ai wannan ne mai tarin nan! Kin san shi ne?"

"Ɗan garinmu ne," na ce, na koma mota ɗauko sauran kwalayen.